Gargaɗi ga magada: kada ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba

Jama'ar Katsina, wannan abu a gidan gwaggona ya faru, wajen Ƙofar Marusa, kuma har yau raina bai daina ɓaci ba.

Da mijinta ya rasu, Allah Ya jiƙansa, sai aka ce a dakata da rabon gado, kada mutane su ce ana kwaɗayin dukiya. Takardar gidan tana naɗe cikin leda a ƙasan akwatin marigayi, babban ɗansa ya ɗauke ta da sunan ajiya. Ana nan sai ga shi da wasu takardu na Turanci da tawada, ya ce, "Inna, satifiket za a sabunta, sa hannu nan." Ta dangwala. Ƙannensa mata ma suka dangwala, don wa zai tuhumi Yaya? Ashe takardar sallama masa gidan ce kacokan. Ya mai da shi sunansa, ya kai banki jingina, ya ci bashi, kasuwar ta karye. Ba wanda ya sani sai ranar da aka liƙa sanarwar gwanjo a ƙofar zaure.

Da farko bankin muka zarga. Daga baya na ga su ma rufe su aka yi. Sun yi bincike a ofishin filaye, sun ga sunansa, sun ga amincewar gwamna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta kafin a jinginar da gida mai satifiket. Da babu wannan amincewa, da jinginar ta rushe, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo. To akwai ta.

Ga inda gizo ke saƙar. Da ƙirƙirar sa hannun ya yi, da da sauƙi, domin takardar jabu ba ta mallaka wa kowa komai, ko da bankin bai san da maguɗin ba. Amma yatsan Inna ne na gaske. Yanzu dole ta gamsar da Babbar Kotu cewa yaudararta aka yi, ba a fassara mata abin da ke ciki ba. Tsohuwa ga ciwon ƙafa, ana ta ɗage zama, kuɗin lauya kuma karo-karo muke yi.

Don girman Allah, in an yi rasuwa ku je kotun shari'ar Musulunci a raba gado a rubuce, matar ta san tumuninta, kowace ɗiya ta san rabonta. Kowa ya riƙe kwafin takardar gida. Duk wanda ya kawo muku abin sa hannu, ko ciki ɗaya kuka fito, ku nemi wani daban ya karanta muku da Hausa. In kun ji ƙishin-ƙishin ana neman canza suna, ku kai ƙorafi a rubuce ofishin filaye tun kafin banki ya shigo ciki.

Gwaggo tana cikin gidan har yanzu, bisa umarnin kotu na a dakata da gwanjon. Ɗan nata kuwa ya daina ɗaga waya.