Birkin faifai a gaban tsohuwar Bitil: kayan da na saya a Ƙofar Ruwa da yadda na same su

Motata Volkswagen Beetle ce ƙirar 1300 ta shekarar 1971, gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma ƙafafunta huɗu duk birkin ganga ne aka ƙero ta da shi. A zamaninta hakan ya wadatar. Yau kuwa, tsakanin Ƙofar Nassarawa da Sabon Gari, ɗan adaidaita sahu zai turje a gabanka ba sigina ba komai don ya hango fasinja, kai kuma kana bayansa da birkin da ya haura shekara hamsin. Gangar Bitil ba ta saita kanta, sai bakanike ya kwanta a ƙasa ya juya 'yan haƙoran nan da sukundireba. Idan ka ratsa ruwan Agusta kuwa, ka taka birki, sai ka ji sitiyari ya fizge ka gefe guda har layinin, wato abin da ke gugar cikin gangar, ya bushe. Wannan fizgar ce ta sa na yanke shawarar mayar da gaban motar birkin faifai.

Shagon da na yi cinikin yana can cikin kasuwar Ƙofar Ruwa, ɗan ƙarami, kaya har rufi. Mai shagon dattijo ne, kuma abin da ya fara burge ni shi ne bai miƙo min komai ba sai da ya titsiye ni da tambaya.

"Alhaji, ƙafar gaban mai kinfin ce ko mai boljoyin?"

Na ce boljoyin.

"Noti nawa ke riƙe da tayar, huɗu ko biyar?"

Na ce huɗu. Ya ce duk da haka in sa yaron gareji ya kwance nokul ɗaya ya kawo, wato ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansa, domin shi ba ya sayar da kayan birki da ka. Gaskiyarsa, domin kinfin da boljoyin hanyoyi biyu ne daban na haɗa nokul da ƙafar mota. Bitil ɗin Jamus ta bar kinfin ta koma boljoyin a 1965, tsofaffin kuma noti biyar ne a kan da'ira mai faɗin milimita 205, na baya-bayan nan huɗu a kan mai 130. Ga kuma waɗanda aka harhaɗa a Legas tun daga 1975, ga waɗanda masu su suka yi ta musanya wa ƙafa shekara da shekaru. Takardar mota ba za ta faɗa maka abin da ke ƙarƙashinta ba.

Hanya uku ya shimfiɗa min. Ta farko tsofaffin kaya 'yan Baljiyam da aka ciro daga wata motar. Nokul na hannu ba shi da laifi muddin bai lanƙwashe ba, amma kalifan da ya nuna min, wato abin da ke matse fad a jikin faifai idan an taka birki, da ya ɗaga robar da ɗan yatsa, fistin ya yi tsatsa ja jawur, ya kafe. Ta biyu wani saiti mai ƙyalli, faifan duk huji-huji, kalifa fentin ja, nokul ɗinsa kuma na sauke gaban mota ƙasa da inci biyu da rabi. Yana da kyau a ido, amma an yi shi ne don masu kai mota baje koli a Amurka. A titunan unguwanninmu, da ramuka da tudun rage gudu a kowace kwana, sauke gaban Bitil neman fitina ne, kuma motar da nauyinta bai wuce kilo 800 da 'yan kai ba ba ta bukatar faifai mai huji. Na ɗauki ta uku: sabon saiti irin na asali, wanda kamfanin da kansa ya sa wa motarsa Karmann Ghia da Bitil 1500 tun wajen 1967. Nokul biyu masu kunnen ɗaura kalifa, faifai biyu lafiyayyu marasa huji masu faɗin kusan milimita 278, kalifa mai fistin biyu, fad, farantin kare ƙura, boris da sil, da tiyo biyu.

Akwai hanya ta huɗu da wasu a gareji suka yi ta kwaɗaita min, wai a samo kalifan Golf, a yanko ƙarfe a yi masa walda a jikin tsohon nokul, kuɗin bai kai rabi ba. Ban yarda ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yarda. A wannan motar nake kai yara Islamiyya. Ba zan ɗora ransu a kan waldar da babu wanda ya gwada ƙarfinta ba.

Inda dattijon nan ya fi yi min rana shi ne maganar masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu idan ka taka feda. Ba ta cikin saitin, kuma mutane da yawa ba sa tunawa da ita. Wasu mastocin birkin ganga suna da ɗan bawul da ke barin ragowar matsi a cikin layi bayan ka ɗaga ƙafa. Ganga na son haka, domin sifirin ɗinta mai ƙarfi ne, yana janye layinin. Kalifa ba shi da irin wannan sifirin. Idan matsin ya zauna, fad zai ci gaba da gugar faifai, taya ta yi zafi, mai ya ƙone a banza, fad ya cinye kafin lokacinsa. Ya ba ni masta mai layi biyu, mai faɗin milimita 19, wadda ta dace da faifai a gaba da ganga a baya. Amfanin layi biyu shi ne ko tiyon gaba ya fashe, na baya yana nan, ba za ka taka feda ta tafi ƙasa fayau ba. Bakanikena ya so a nemo mai faɗi fiye da wannan, a ganinsa babba ta fi kamu. Ba haka ba ne: masta mai faɗi feda take taurarawa, kuma Bitil ba ta da busta mai ƙara wa taku ƙarfi, ƙarfin ƙafarka ne kaɗai.

Ba duk abin da ke cikin kwalin ne ya gamsar da ni ba. Faifan da nokul ɗin aikinsu ya yi tsaf, noti ya shiga zarensa ba tilas, rim ɗina na asali mai inci 15 ya zauna bai taɓa kalifa ba. Amma boris ɗin ba suna ba tambari, cikin farar leda kawai, don haka na ajiye su na sayi na kamfanin da aka sani. Tiyon kuma sun ɗan gaza tsawo, idan aka karya sitiyari har ƙarshe sai su miƙe tsam kamar tsirkiyar baka. Na mayar, ya canza min ba gardama, sai dai na jira ya aiko da su daga Legas, jiran kuma ya zarce ranar da ya ɗiba min sosai, mota na kan jak. Fad ɗin da suka zo da saitin su ma busassu ne, suna ƙara da safe, ina shirin musanya su da na kamfanin ATE ko TRW. Farashi kuwa ba na jiya ba ne na yau, dala yake bi, kuma ba ya rubuta rasit sai ka nema. Ka nema.

Wurin ɗaurawa akwai abubuwan da na tsaya a kai da kaina. Notin nokul na hagu zarensa a juye yake, kuma ta cikinsa wayar sifidomita ke bi, yaron da bai sani ba zai yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Kalifa kuma dole bakin fitar da iska ya kalli sama. Idan aka musanya na dama da na hagu ya koma ƙasa, ko kwana za a yi ana "buga, buga, riƙe!" iskar ba za ta fita ba. Mun wanke man da ake shafa wa sabon faifai don kada ya yi tsatsa, muka zubar da tsohon man birki gaba ɗaya, muka zuba DOT 4 daga gwangwani mai hatimi. Mafi ƙarancin zafin tafasarsa digiri 230 ne, na DOT 3 kuwa 205, a zafin Afrilun Kano wannan tazarar tana da amfani. Kada a kuskura a haɗa shi da DOT 5, wannan na silikon ne, ba sa gauraya.

Bayan motar na bar shi da gangarsa. Injin Bitil a baya yake, ƙafafun baya na ɗauke da nauyi suna kuma aiki sosai, hambirki ma a jikinsu yake. Sabon layinin da sabbin silinda kawai na sa, aka saita su da kyau. Wanda ya sa faifai a gaba ya bar baya a sake zai ji feda na zurfi, ya ɗora wa saitin laifin da ba nasa ba.

Na gwada ta da sassafe a hanyar Gwarzo, bayan sabuwar jami'ar Bayero, ina takawa a hankali ina saki har fad ya kwanta a jikin faifai. Wanda ke tsammanin za ta riƙa kafewa kamar sabuwar Corolla ya rage buri, domin a taka ɗaya gangar da aka saita da kyau ba ta da nisa da faifai, siririyar tayar ce ke yanke hukunci. Bambancin yana fitowa ne a cunkoson Kantin Kwari, inda za ka yi ta taka birki ba ƙaƙƙautawa: kamun ƙarshe daidai yake da na farko, mota kuma na tsayawa a miƙe, ko bayan an ratsa ruwa. Wanda Bitil ɗinsa ke fita kullum, saitin ya ci kuɗinsa, kuma zan sake komawa shagon. Wanda tasa sai ranar hawan Sallah take ganin titi, ya gyara gangarsa, ya canza tiyo da man birki, ya sa sauran kuɗin a tayoyi masu kyau.