Kujerar Nufawa Mai Ƙafa Goma: Tsohuwa Ko Sabuwa?

Kujerun sassaƙa na Nufawa guda biyu ne a falona, ɗaya tsohuwa ɗaya sabuwa, kuma na zauna a kansu rani da damina. Sun ci kuɗinsu, amma ba don shekarun da dillalai ke lissafa wa mutum ba.

Irin 'yar tsugunno ce da aka san ƙasar Bida da ita. Daga gungume ɗaya masassaƙi yake fitar da ita da gizago, ba ƙusa ba haɗi, ƙafafu takwas ko goma a kewaye, samanta kuma ya sha zanen layuka da kusurwoyi. Tsohuwar ce ta fi kwanta mini a rai. Tsakiyarta ta sha zama har zanen ya dushe, ta yi sumul tana sheƙi, amma a gefe zanen yana nan daram. In ka kifa ta, ga sawun gizago ɓaro-ɓaro, ƙasan ƙafafun kuma ya cinye, wata ta fi wata, saboda jan da ta sha a tsakar gida. Wadda aka tsufar da gangan da hayaƙi da man takalmi, baƙinta iri ɗaya ne ko'ina, har inda jikin mutum ba ya taɓawa. Goga mata farin ƙyalle, za ta tona kanta.

Wanda ya sayar mini cewa ya yi, "Hajiya, wannan tun kafin zuwan Turawa." Ban yarda ba, kuma ban biya kuɗin wannan maganar ba. Da ma gaskiya ce, cinikin bai halatta ba: dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, wanda sai wakilin da hukumar ta amince da shi ke iya saye. Fitar da shi ƙasar waje ma sai da izini.

Tsohuwar tana da rigima. Hunturu ya tsaga mata gefe, sai da na riƙa shafa mata man kaɗe ina kawar da ita daga rana. Kafin ki saya, ki ƙwanƙwasa ta a kan siminti. In gari ya zubo daga 'yan ramuka, ƙwaro na ciki, kuma zai iya komawa kan sauran katakon gida. Sannan gajera ce ƙwarai, mahaifiyata mai ciwon gwiwa ba ta iya tashi daga kanta sai an kama ta.

Sabuwar kuwa, a hannun masassaƙi aka sayo mini ita, da itacen maɗaci, kuɗinta bai kai rabin na tsohuwar ba. Yara na hawa, ana tsinke zogale a kanta, ko gezau. Mai gida cike da yara, ita nake ba shi shawarar ya saya, kuɗin ma ya shiga aljihun wanda ya yi aikin.