Jabalun Nur ko Jabalu Saur: wanne za ka hau?

Ɗan'uwa, Allah ya kai ku lafiya. Ka ce za ku Umra kai da Hajiya mahaifiyarka, safiya ɗaya kacal ka ware wa hawan dutse, kana tambayar wanne ya fi dacewa tsakanin biyun. In wannan ne karonka na farko, Jabalun Nur za ka hau.

Jabalun Nur yana arewa maso gabas da Harami, tsayinsa wajen mita 640 daga matakin teku. A can sama Kogon Hira yake, inda Jibrilu ya fara zuwa wa Annabi (SAW) da ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ, cikin Ramadan, wajen shekarar 610. Hawan a tsaye yake, yana cin numfashi tun daga gindi, sai dai kusan duk hanyar matakala ce, ga wuraren hutawa da masu sayar da ruwa. Mai matsakaicin ƙarfi awa ɗaya ko da 'yan mintoci ta ishe shi. Kogon kuma ba a kan ƙololuwa yake ba. Sai ka kai sama, ka ɗan gangara ta ɗaya gefen, ka kutsa a karkace tsakanin duwatsu. Mutum biyu ko uku sun cika shi, shi ya sa turereniyar bakin kogon ta fi hawan gajiyarwa. Daga sama kana hango hasumiyar agogon Harami da Makka a shimfiɗe. Ka kula da birai, fizge leda suke yi a hannun mutum.

Jabalu Saur yana kudu da Makka, ya haura mita 700, hanyarsa ta fi tsawo nesa ba kusa ba. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ake yi ana hawa, kana ganin ka iso sai wani tudun ya ɓullo. Wasu wuraren dutse ne zalla mai santsi, inuwa kaɗan ce, saukowa kuma ita ke kashe gwiwa. Wanda ya saba hawan Dala kada ya auna da shi.

Amma fa Saur yana da abin da ba za ka samu a littafi ba. Madina arewa take, amma lokacin Hijira Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar suka nufi kudu a shekarar 622 don ɓatar da sawu, suka kwana uku a kogon dutsen nan mai ƙaramar ƙofa, wanda sai ka duƙa kake shiga. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo musu labarin Ƙuraishawa da dare, Amir bin Fuhaira yana koro tumaki su sha nono, sawun kuma ya ɓace. Aya ta 40 a Suratut Tauba wannan kogon take nufi. Sai ƙafarka ta taka hanyar, da takalmi mai kyau da gorar ruwa a hannu, sannan za ka san wahalar da suka sha ba matakala ba fitila. Shi ya sa nake so ka ajiye shi sai zuwan da kake kai kaɗai, da cikakken ƙarfi.

Ita Hajiya don Allah kada ta hau ko ɗaya. Hawan ba ya cikin ayyukan Umra ko Hajji, ba ta rasa komai ba. A gindin Jabalun Nur akwai cibiyar al'adu ta Hira da aka buɗe a 2023, da zauren baje kolin tarihin wahayi, ta zauna can cikin sanyi har ka sauko.

Ka fara kammala Umrarka tukuna, don ɗawafi da sa'ayi da ciwon cinya ba daɗi. Ka tashi da an idar da Asuba, ka sauko kafin hantsi ya yi zafi, tunda da rani zafin Makka yana wuce digiri 40. Ka sa takalmi sau-ciki mai riƙe ƙasa, silifas ya zauna a masauki.