Takalmin 'yan rawa ya fisshe ni a bukukuwan Disamba

Ƙafata mai faɗi ce ta wajen yatsu, ga dunduniya siririya. Duk takalmin da ya yi mini daidai a gaba sai ya riƙa fita ta baya, wanda kuma ya kama dunduniyar sai ya matse mini ƙaramin yatsa har ya yi bororo. Shi ya sa a kowace dina za ki gan ni a kujera tun kafin a yanka kek, takalmi a ƙarƙashin tebur, ana kiran ƙawayen amarya su fito fili ina noƙewa. Bara kuwa bukukuwa huɗu suka haɗe mini a watan Disamba, biyu daga ciki ni ce babbar ƙawa.

Wata abokiyar aikina da ke zuwa koyon rawar salsa a nan Abuja ce ta ce in daina wahalar da kaina a kasuwar Wuse, in nemi irin nasu. Ta ambaci Capezio, kamfanin da aka kafa a New York tun 1887, da Bloch na Ostareliya. Da na juya farashinsu daga dala zuwa naira sai na rufe shafin. Na koma wajen masu ƙananan kaya a intanet.

Na farkon da na yi oda asara ce, kuma laifina ne. Na ga lamba 40 na danna, tunda ita nake sawa. Ya iso ko rabin ƙafata bai ɗauka ba, ƙanwata ce ta gāje shi. A karo na biyu na bi shawarar da aka ba ni: na taka farar takarda da yamma bayan na wuni a tsaye, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, aka zagaye mini ita da biro, na auna tsawo da faɗi da santimita. Ashe ta dama ta fi ta hagu da kusan rabin santimita, shekara talatin ban sani ba! Da awon babbar na zaɓa, na kuma nemi wanda aka rubuta na masu faɗin ƙafa ne.

Wanda ya zo ruwan zinare ne, tsininsa santimita 5, gindin tsinin ya ɗan buɗe. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin nauyi. Gabansa yana lanƙwashewa da hannu, amma tsakiyarsa a tsaye take ƙyam saboda siririn ƙarfen da ke ciki, shi ke tallafe tafin ƙafa. Cikinsa akwai soso. Igiyar tana zagaye idon sawu ta kuma ratso ta ƙarƙashin takalmin, don haka dunduniyata ba ta da wurin gudu. Ranar farko ya ɗan kama ni, na riƙa yawo da shi a falo da safa na kwana uku, ya saki daidai.

A dinar farko na yi kusan awa biyar da shi. Na shigo da amarya, na tsince kuɗin liƙi, na yi rawa har gwaggon ango tana cewa, "'Yar nan, yau kuma waye ya kunna ki?" Na dawo gida ba bororo ko ɗaya, sai gajiyar sha-raɓa kawai.

Sai dai fa akwai abin da ya kamata mai saye ta sani. Ƙasansa ba roba ba ce, wata fata ce mai laushi mai gashi-gashi da ake kira suwed. An yi ta ne don daɓen katako, ta ba ki damar juyi ba tare da gwiwa ta murɗe ba. A kan kafet lafiya lau. A kan tayil mai sheƙi kuwa, musamman inda yara suka zubar da lemo, sai kin yi taka-tsantsan. Ruwa da yashi abokan gabarta ne. A biki na biyu na yi ganganci na taka da shi daga wajen ajiye motoci, ƙasan ya daskare ya yi baƙi, da kyar na farfaɗo da shi da burushin waya. Tun daga nan da silifas nake zuwa, in canza a bakin ƙofa.

Kamun da aka yi a tsakar gida kuwa ban ma ɗauko shi ba. Na kai wa mai gyaran takalmin layinmu na tambaye shi ko zai manna masa siririyar roba. Ya jujjuya shi ya ce, "Hajiya, zan iya, amma laushin nan da kike yabo zai ragu." Na karɓi abina na mayar jaka. Idan na tara kuɗi zan sayi na biyu, baƙi, shi sai a sa masa robar.