Daga Fulorida: darasin guguwa a aji biyar, da abin da kafintanmu zai ɗauka

Assalamu alaikum malamanmu na makaranta, da magina da kafintoci, da duk mai kwana ƙarƙashin rufin kwano. Ina gajiya, ya aka ji da hidima?

Wannan rahoto daga jihar Fulorida ta Amurka yake, inda mahaukaciyar guguwar teku take da lokacinta kamar yadda damina take da nata a gida: daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi ƙamari wajen Satumba. Da yawa daga cikin manyan guguwar ma daga wajenmu suke tasowa. Hadarin nan da ke haɗowa daga gabas, ya ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya ya yi yamma, idan ya faɗa tekun Atlantika ta wajen Senegal ya tarar da ruwa mai ɗumi, digiri 26 zuwa sama, sai ya soma juyi yana ƙara ƙarfi. Yawanci a hanya suke mutuwa. Wanda ya yi rai, bayan mako ɗaya ko biyu sai ga shi nan, har an raɗa masa suna.

A manhajar kimiyya ta jihar, ɗan aji biyar na firamare sai ya tsara wa gidansu shirin ko-ta-kwana. Ba hadda ba ce, takarda ce zai cike da iyayensa: mutum nawa ne a gidan, ina za a nufa idan an ce a tashi, wa zai ɗauko maganin kaka, lambar wane ɗan uwa na nesa kowa zai kira idan an rabu. Sai lissafin ruwa. Ƙa'idar ita ce galan ɗaya, kusan lita 4, ga kowane mutum a rana, kuma jihar tana so a tanadi na kwana 7. Gida mai mutum shida ke nan galan 42, wato jarka takwas masu lita 20. Yaro ya yi lissafi, ya kuma koma gida ya dami babansa da tambayar ina jarkokin.

Ana koya musu matakan guguwar guda biyar. Na ɗaya yana farawa daga gudun kilomita 119 a awa, na uku daga 178, na biyar daga 252. Malamin da ya san aikinsa yakan ƙara da cewa idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take bugun bango da shi ninki huɗu yake yi. Cibiyar kula da guguwa ta ƙasa da ke Mayami tana ba da gargaɗi iri biyu: na farko awa 48 kafin iska ta soma, ma'ana mai yiwuwa ne, na biyu awa 36, ma'ana tana tafe, a gama shiri. Saƙon gaggawa kan shigo wayar kowa da ƙara mai firgitarwa, ba sai ka yi rajista ba. Akwai kuma darasin idon guguwa. Tsakiyarta shiru ne, har rana kan fito, mutane su ɗauka an gama su fita duba ɓarna, sai iskar ta dawo ta ɗaya ɓangaren da ƙarfinta na farko.

Amma abin da aka fi nanata wa yara shi ne ruwa ya fi iska kisa. Kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye a Amurka, ruwa ne ya ci su. Guguwar Ian ta 28 ga Satumban 2022 ta turo teku cikin unguwannin Fort Myers, tsayin ruwan ya haura mita uku a wasu wuraren. Saboda irin wannan ambaliya ce aka raba gaɓar teku shiyya-shiyya, A, B, C, don a san waɗanda za a ce su tashi, kowane yaro ya san harafin unguwarsu. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da ƙato, na santimita 30 yana ɗaukar ƙaramar mota. Wannan darasi bai buƙatar teku. Mutanen Maiduguri da suka ga ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024 sun san haka.

To, ga inda nake so kafintoci su kasa kunne. Guguwar Andrew ta 24 ga Agustan 1992 ta baje garin Homestead a kudancin Mayami, bincike kuma ya nuna gidaje da yawa aikin ha'inci ne ya rushe su: ƙusa ta kuskure katako, rufi bai ɗaure da bango ba. Daga nan aka tsananta dokar gini, ta jiha baki ɗaya ta soma aiki a 2002. A yankin Mayami, kafin a yarda da taga ko murfinta, sai an harba mata katako tu-bai-fo mai nauyin kilo 4 da gudun kusan kilomita 55 a awa. Jami'ar Florida International (FIU) da ke Mayami tana da wani bango na manyan fankoki 12 da ke hura iska mai ƙarfin mataki na biyar, har gasa ake shirya wa 'yan sakandare su ƙera ƙaramin gini a gwada shi.

Iska ba ture rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Idan ta bi ta kansa sai ta tsotse shi sama, ta fi ƙarfi a kusurwoyi da baki-baki. Idan kuma ƙofa ko taga ta fashe ta ɓangaren da take bugowa, ta cika ɗakin ta tura shi daga ciki. Sama ana ja, ƙasa ana turi, ina rufi zai tsaya? Maganinsu wani ɗan ƙarfe ne da ke haɗa kowace rafta da bango, ƙusa uku aƙalla, kuɗinsa dala ɗaya ko kusa da haka. Langalanga ce kawai ta yi karatun boko. Bambancin, su kowace rafta sai ta samu, kuma mai duba gini na hukuma zai leƙa ya ƙirga. A gida kuwa sai a ɗaure huɗu a tsallake goma, ko a soke ƙusa a karkace a ce ta isa. Daidai shi ne langalangar ta fito daga cikin kankaren linta ko ta kama rodi, ta zagaye raftar ta sauka ta ɗaya gefen. Ƙusar rufin mutanen Fulorida mai zobe-zobe ce a jiki, ba ta zarewa da sauƙi, tazarar santimita 15. A kan kwanonmu, layin baki da na kusurwa kowane tudu ya sami ƙusa, kada a tsallake. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska, baki mai tsawo kuma hannu ne ka miƙa mata. Bulo da duwatsu da tsoffin tayoyi da muke jibgawa a sama ba ɗauri ba ne. Ranar da kwanon ya tashi, kan mutane za su sauka.

Sauran kayan na masu hali ne. Akwai murfin taga na ƙarfe, akwai gilashi mai jure duka, talaka kuma ya buga filawud mai kaurin santimita ɗaya da rabi. Manna salatif a gilashi aikin banza ne, ana gaya wa yara su hana iyayensu. Idan gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci, haramun ne ɗan kasuwa ya tsawwala farashin ruwa ko mai ko katako, akwai lambar da ake kai ƙara. Wannan kam da ma a ce muna da irinta. Makarantun gwamnati da yawa an gina su ne don su zama mafaka, kyauta, sai dai ka zo da shimfiɗarka.

Inshora kuwa kada wanda ya yi musu hassada. Ta gida ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai ka sayi wata daban, wadda galibi sai ta kwana 30 kafin ta soma aiki, don kada ka ga hadari ka ruga. Ɓarnar iska ma kai za ka fara biyan kashi 2 ko 5 ko 10 cikin ɗari na darajar gidan. Gidan dala 300,000 a kashi 2, dala 6,000 ke nan daga aljihunka kafin kamfani ya ba da sisi.

Bayan guguwa ta wuce ma ana mutuwa, kuma janareta na kan gaba, abin da mu ma ba baƙonmu ba ne. Gubar hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi. Ana koya wa yara ya kasance a waje, mita 6 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba, ba a baranda ba, balle zaure. Firji a rufe yana riƙe sanyi awa 4, firiza cike awa 48. Ruwan da ake shakka a tafasa shi minti ɗaya cur. Wayar lantarki da ta faɗo a ɗauka da wuta a jikinta, har da kududdufin da take ciki.

Tamu iskar ta farkon damina ba ta ba da awa 48. Gabas ta yi ja, ƙura ta taso, cikin rabin awa an gama, ajujuwa sun zama kango. Don haka shirin namu tun Maris ko Afrilu ne: hedimasta ya sa kafinta ya shiga silin ya duba langalanga da inda gara ta ci, a sake ƙusar da ta yi sako-sako, a sare reshen darbejiya da ya rataya kan aji, a yashe kwata. Idan hadarin ya riski yara a makaranta kada a tashe su, kwano mai shawagi wuƙa ne. A rufe ƙofa da tagogi duka, a janye su daga jikin taga, su durƙusa ƙarƙashin benci hannu a ƙeya, malam yana riƙe da rajista don ƙirga su idan ta lafa.