Hattara da mai sayar da rumfar bikin 'yan Wicca a Facebook

'Yan'uwa masu sana'ar hannu da ke nan Ingila, ku ji abin da ya same ni don kada wata ta faɗa.

Ina saƙa faifai da kwando, ina kuma yin kyandir. Cikin masu sayen kayana akwai mabiya Wicca, addinin nan da Gerald Gardner ya fito da shi fili a ƙasar nan a shekarun 1950. Bukukuwa takwas gare su a shekara, kowanne da adon da suke yi wa teburin ibadarsu. Ba addinina ba ne, kasuwa ce ta haɗa mu. Bikin Lammas, ranar 1 ga Agusta, na farkon girbi ne, shi ya sa suke neman zangarniyar alkama da aka kitse da kwandon zuba burodi. A nan kayana suka fi tafiya.

Sai ga wata mata a wani zauren Facebook tana tallar baje kolin Lammas, wai rumfa biyu suka rage, fam 40 kowace. Ta matsa min in biya a daren, ta PayPal, ta hanyar da ake tura wa dangi da abokai. Na biya. Ranar na ɗauko kaya niƙi-niƙi, na tarar da ɗakin taron a kulle. Mai gadi ya ce ni ce ta uku da ta zo. Kafin in koma mota, matar ta toshe ni a Facebook.

Abin da ya fi ba ni haushi, alamar tana gabana tun farko. Hotunan da ta sa duk kabewa ce da baƙin kyandir, adon Samhain ke nan, wani bikinsu na 31 ga Oktoba. Wanda ya san mutanen nan ba zai haɗa kabewa da Lammas ba. Hoton wani taron ta sato, ni kuma zumuɗi ya rufe min ido.

Hanyar biyan nan ta dangi da abokai ba ta da kariyar mai saye, shi ya sa matar take nacewa a kanta. Ko sisi ban samu ba.

Yanzu an ce ta canza suna tana tallar rumfar Yule, bikinsu na Disamba. Kafin ku tura kuɗi, ku nemo lambar ɗakin taron da kanku, ban da wadda ta bayar, ku tambaya ko an kama ranar da kuma sunan wanda ya kama.