Loton gwamnatin Ghana, yadda nake ganinsa daga shagona a Nima

Ni tela ne a unguwar Nima da ke Accra, kuma rumfar mai rubuta loto tana jingine da bangon shagona, duk mai zuwa yankar tikiti sai ya gifta ta gaban kekena. Ni ba na bugawa, malamai sun gama magana a kan caca. Amma kallon yau da gobe ya sa na san hajar kamar ni ke sayar da ita.

Gidan loton dai tsoho ne. A 1958, shekara guda da samun 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kafa sashen loto, a 1962 aka fara wasan Asabar, National Weekly, wanda har gobe shi ne babban yaya. Dokar 2006 ce ta mai da sashen hukuma mai cin gashin kanta, National Lottery Authority (NLA). Yanzu babu ranar hutu: Monday Special, Lucky Tuesday, Midweek, Fortune Thursday, Friday Bonanza, Lahadi kuma Sunday Aseda. Suna ne kawai ke canzawa. Ƙwallaye 90 ne a inji, a fitar da 5.

Abin yabo, ba sa ɓoye lamba. A bainar jama'a ake juya injin, sakamako ya bazu nan take, tikiti kuma na'ura ce ke bugo shi da lambobinka da ranar wasa. Wannan ya fi na 'yan banker-to-banker, masu loton bayan fage da ke rubutu a ɓoye, waɗanda in ka ci da yawa sai ka nemi mutum ka rasa. Har masu loto a Najeriya suna karɓar kuɗin mutane a kan sakamakon Ghana.

Inda nake da magana shi ne farashi, kuma ba a rubuta shi a jikin rumfa. Ɗauki two sure, wanda kowa ya fi so: ka zaɓi lamba biyu, in duk sun fito cikin biyar ɗin a ninka maka kuɗinka sau 240. Sidi ɗaya ya zama 240, daɗin ji. To amma lambobi 90 suna ba da tagwaye 4,005, biyar ɗin da aka fitar kuma tagwaye 10 kacal ke cikinsu. Wato sau ɗaya cikin kusan 400 ake dacewa, a biya ka 240. Duk sidi 100 da unguwa ta zuba a wannan wasa, wajen 60 ne ke dawowa hannun mutane, sauran ya tafi. Lamba uku ta fi muni: ana biyan ninki 2,100, alhali damar ɗaya ce cikin 11,748. Perm kuwa, da ake cewa ya fi sauƙin ci, layuka ne ake tara maka, kowace tagwaye layi guda da kuɗinta. Ka ba da lamba biyar a perm 2, layi 10 ke nan, sidi ɗayanka ya koma goma.

Na taɓa zana wa wani dattijo wannan lissafi da allin ɗinki a kan teburin yanka. Kullum yana zuwa da takardar tsofaffin sakamako, ta sha ninki har ta fara yagewa, ya ja wa wasu lambobi da'ira da jan biro. Ya duba ya ce, "Ɗana, kai lissafin boko kake yi. Lamba tana bin 'yar'uwarta." Na ce, "Baba, ƙwallon ba ta san abin da ya fito makon jiya ba." Ya yi dariya, ya shiga layi.

Harajin kashi 10 cikin 100 da aka ɗora wa masu ci a 2023 an soke shi a 2025, masu bugawa sun ji daɗin wannan. Abin da ya fi canza kasuwar ita ce waya. Da danna *959# mutum zai buga daga kan gadonsa, a cire a MoMo, asusun kuɗinsa na waya, ba maƙwabcin da zai gan shi tsaye a rumfa bayan sallar La'asar. Mai rumfar kusa da ni yana kukan samari sun daina zuwa, dattawa masu takarda kaɗai suka rage masa.